Kifin Roban Alhaji

Ban taɓa shan wuya a kan ƙaramin abu ba kamar yadda na sha a kan kifin roba. Na yi dako a Legas. Na yi wankin kwanoni a wani gidan abinci a Silver Spring, nan ƙasar Turawa, har fatar hannuna ta saɓule. Yanzu shekara goma sha ɗaya ke nan ina sauke kaya daga tirela a wani sito a Manassas, bayana ya gama lalacewa. Duk wannan wahala ce da na san kanta. Amma a ce ni, ɗan masunci jikan masunci, haifaffen bakin ruwa a Yawuri, in yi Lahadi tara ina zuwa tafki ina dawowa ko ƙarnin kifi babu a hannuna, wannan ta ci mini rai.

Kayan ba nawa ba ne, na Alhaji ne. Alhaji mutumin Zangon Kumasi ne, makanike, ya girme ni da shekara kusan goma. A masallaci muka haɗu farkon zuwana Manassas, ya ji ina Hausa a waya ya tsaya ya jira ni. Ranar da ya ji daga inda na fito da kuma sana'ar gidanmu, ya raɗa mini Sarkin Ruwa, ba don girmamawa ba. Kowace Lahadi bayan asuba yana tafiya tafkin Occoquan da sandunansa na fatsa, kuma kowace Juma'a sai ya ce in bi shi.

Ni kuwa amsata ɗaya ce. «Alhaji, ka kama kifi, ka ɗauke shi hoto, ka mayar da shi ruwa? A garinmu wanda ya yi haka ɗaure shi ake a kira malamai.»

Sai ya ce, «Sarkin Ruwa da ba ya taɓa ruwa sai na alwala.»

Haka muka yi shekaru. Ban taɓa binsa ba ko sau ɗaya. Lahadi ita ce kaɗai ranar da nake miƙe bayana.

A watan Disamba ya faɗi a gareji, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi makonni a asibiti, ya dawo gida da ƙafa mai jan ƙasa, da baki a ɗan karkace, da hannun dama a kwance kan cinya kamar na aro. Magana tana fita in ya matsa, amma ya daina matsawa. Ya samu kujera gaban taga ya zauna. Ka gaishe shi, ya ɗaga kai, shi ke nan. Mutumin da in ya fara surutu sai ka ce masa kana da alƙawari.

Matarsa, Hajiya, ta ja ni kicin wata rana ta ce, «Ƙanina, yayanka ya ƙi zuwa wajen masu gashin ƙashi a asibiti. Likita ya ce hannun da sauran rai, amma watannin nan na farko su ne abin ji. In bai motsa shi ba zai ƙage, ya ƙage ke nan. Ƙwallon da suka ba shi ya riƙa matsawa, ga shi can ƙarƙashin kujera. Ka yi masa magana.»

Na yi masa. Ni ban iya lallashi ba. Na ce, «Alhaji, ka tashi ka je gashi mana.» Ya kalli taga.

Ranar da ya aika a kira ni, na tarar an fito da sanduna uku an jingine a bango, da wani akwati kore mai hawa-hawa. Ya nuna su da haɓa.

«Ɗauka.»

Na ce in kai ina?

«Naka. Na gama.»

Na ce ba zan ɗauka ba. Ya rufe ido ya ƙi buɗewa. Hajiya tana bakin ƙofa tana share fuska da gefen mayafi, ta yi mini alama in ɗauka kawai. Na ɗauka. A mota na zauna na ɗan lokaci ban tada injin ba. Na san abin da yake nufi in mutum ya fara rabon kayan sana'arsa yana raye. Babana ma da ya ba ƙanensa jirgi da birgi, wato ragar kamun kifinsa, bai ƙara damina a duniya ba.

Kayan suka yi wata guda a bayan ƙofata, maman yara tana tuntuɓe da su tana mita. Da sanyi ya fara sauka a watan Maris, na ce bari in je in kamo kifi ɗaya in kai masa, ko zai yi dariya. A zatona aikin safiya ɗaya ne. Na yanki lasin kamun kifi, na tono tana cikin gwangwani a bayan gida, na tafi.

A bakin tafkin na buɗe akwatin. Babu ƙugiya irin wadda na sani. Kifayen roba ne jere cikin ɗakunansu, kowane bai wuce tsawon yatsa ba, wasu masu ƙiba wasu sirara, ja da fari da ruwan ɗorawa, kowane da ƙugiya mai baki uku a ciki da wata a wutsiya, da wani leɓe na roba garai-garai da ya fito daga bakinsa. Su a nan kuranki suke ce masa. Kifin da ake nema da shi kuwa bas ne, wani mai faɗin baki, kamar ƙanin giwan ruwa da bai samu abinci ba.

Na juya abin a hannuna na ce, Bature da wayo, amma ya manta koto. Kifi ba mahaukaci ba ne da zai ci roba. Sai na soke tana a bakin kowace ƙugiya, shida cif. Na jefa. Kafin abin ya faɗa ruwa zaren ya cukurkuɗe a cikin ril, wato ɗan keken da ke naɗe zaren, ya zama kamar kitson da aka fara tsefewa aka fasa. Na yi rabin awa ina warwara. Na sake jefawa a hankali, ya faɗa nan kusa. Sai na ga kifin roban yana iyo a saman ruwa abinsa, ya ƙi nitsewa.

Wannan ba ta ba ni wuya ba. Na koma mota na samo noti guda na ɗaure a wuyansa. Ya nitse kamar dutse. Na kafa sandar a ƙasa na tokare ta da reshe, na zauna ina jira, yadda muke yi a gida. Mu abin da aka koya mana ke nan, su haƙuri ne. Ko mamari, igiyar ƙugiyoyin nan da ba a sa wa koto, shimfiɗa shi ake a bar shi ya yi aikinsa.

Wani tsohon Bature da ke fatsa can gefe ya zo wucewa lokacin da na janyo abin don canza tana. Ya tsaya. Ya kalli abin, ya kalle ni, ya buɗe baki ya rufe. Ya ce mini in wuni lafiya, ya wuce.

Lahadi uku na yi a haka. Na canza wuri, na canza launi, na canza tana da hantar kaza. Na ƙara noti ya zama biyu. Babu ko motsi.

A ta ukun, daga tafki na biya gidan Alhaji. Hajiya ta buɗe ƙofa ta ce, «Sarkin Ruwa, ina kifinmu? Na jiƙa attaruhu tun jiya.»

Na ce, «Hajiya, tafkin nan babu kifi. Shekarun nan duk yaudararki yake.»

Na faɗa ne da ƙarfi don ya ji. Bai juyo ba. Sai na koma mota na ɗauko sandar don in nuna mata na yi iya yina, kifin roban yana reto a jiki da notinsa biyu da busasshiyar tana. Ina tsaye tsakar falo ina mata bayani, sai na ji wani sauti daga wajen taga, kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Alhaji ya juyo gaba ɗaya. Idonsa a kan abin.

«Wa… wa ya sa… wannan?»

Na ce ni ne.

«Noti?»

Na ce ai ƙin nitsewa ya yi.

«Tana? A… a kuranki?» Miyau ya taru a gefen bakin, bai damu ba. «Kai… ba ka da kai koraa, ko kaɗan! Jakin Yawuri!»

Hajiya ta dafe ƙirji. Ni na zaci zagin ne ya tsorata ta. Ashe tun da ya dawo daga asibiti bai haɗa kalma huɗu a jere ba.

Ya ce a tara ruwa a bahon wanka. Ya jawo sandarsa ta ƙarfe mai ƙafa huɗu, ya miƙe da kyar, ya ja ƙafa har banɗaki, muna biye da shi kamar masu rakiyar amarya. Ya zauna bakin bahon yana haki. Ya sa na yanke noti, na kankare tana, na ɗaura ɗan guntun zare. Ya ce in ja shi cikin ruwan daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Na ja. Wallahi sai abin ya yi rai. Leɓen nan ya cije ruwa, kan ya yi ƙasa, jikin ya shiga kaɗawa hagu da dama da sauri, har ina jin karkarwarsa a yatsuna, wasu 'yan ƙarafa a cikinsa suna kas-kas-kas. Da na tsaya, ya taso sama a hankali kamar kifin da ya ji rauni.

«Ka gani? Ja… shi ne koto. In ka zauna, ya mutu.»

Na daɗe ina kallon ruwan bahon. Shekara hamsin da biyu a duniya, ban san ana kama kifi da tafiya kaɗai ba.

Da zan fita, Hajiya ta biyo ni har mota. Ta rage murya ta ce, «Ƙanina, don Allah kada ka yi saurin iyawa. Ka riƙa zuwa kana ba shi haushi.»

Na ce, «Hajiya, kwantar da hankalinki.» Ba sai na yi ƙarya ba. Rashin iyawar tawa ta gaske ce.

Daga nan muka shiga makaranta. Kowace Lahadi in fita tafki da sassafe, hantsi ya yi in dawo gaban kujerarsa da akwati, ya titsiye ni. Kalmominsa suna fita ɗaya-ɗaya, wasu sai na tsinto su daga ƙasa, amma suna fita. Ya koya mini leɓe shi ne komai. Mai dogon leɓe yana nitso can ƙasa, na ruwa mai zurfi ne, da shi ake yi in zafi ya yi kifi ya gudu ƙasa. Mai gajeren leɓe mai kusurwa huɗu na bakin gaɓa ne, inda itatuwa suka faɗa ruwa, don in ya bugi icce tsalle yake ya wuce. Ya ce in ruwa ya gurɓace bayan an yi ruwan sama in ɗaura mai ruwan ɗorawa mai ƙara, kifi ya ji shi ko bai gan shi ba. In ruwa ya kwanta ya yi garau, in ɗaura mai kama da kifin gaske. Jan kuma na farkon bazara ne, lokacin da bas ke kiwon jatan lande a cikin duwatsu.

Sandar ma ashe ba wadda ta dace nake ɗauka ba. Ni mai tauri na zaɓa, don a ganina sandar namiji ke nan. Ya ce wannan ta wani aiki ce. Ta kuranki ita ce mai laushin kai, wadda na raina, saboda ƙugiyoyin ƙanana ne, in sanda ba ta lanƙwasa ta bi kifi ba sai su yage bakinsa ya tafi. Zaren da na sayo na ɗaura, mai kauri irin wanda zai ja akuya, ya sa Hajiya ta kawo almakashi. Ya ce zare mai kauri yana hana abin nitsewa. Ya nuna mini yadda zan sa babban yatsa a kan ril lokacin jifa don kada ya cukurkuɗe. Da hannun hagu ya nuna. Na daman yana nan kwance kan cinya.

Abin da ke damuna ke nan. Bakin ya buɗe, har ya koma zagin 'yan ƙwallo a talabijin, amma hannun yana nan. Hajiya ta ce har yanzu in ta ambaci gashi sai ya juya fuska. Ga Afrilu ta raba. Yatsun sun fara lanƙwashewa ciki, ina gani.

Kifi kuma shiru. Sau ɗaya na ji an taɓa, na fizga da ƙarfin dako, abin ya fito daga ruwa ya wuce ta gefen kunnena ya maƙale a bishiyar da ke bayana.

A Lahadi ta bakwai ya ce in miƙo masa duk waɗanda na yi aiki da su. Ya ɗauka ɗaya-ɗaya yana duba leɓen a hasken taga. Ya ajiye.

«Sabbi.»

Na ce ai ina kula da su. Ina wankewa in goge kafin in mayar.

«Bai taɓa dutse ba?»

Na ce Allah ya kiyaye. Ina ganin duwatsu ko kututture nake kaucewa, in jefa can tsakiyar fili inda babu abin da zai riƙe shi. Kayan mutane ne, amana ce. A gidanmu wanda ya ari komar kamun kifi ya mayar da ita a yage, ba a ƙara ba shi, kuma har 'ya'yansa sai sun ji a bakin mutane.

Alhaji ya yi tsaki. Ya tura yatsa can hawan ƙasa na akwatin ya ciro wani da ban taɓa ɗauka ba don muninsa. Ja ne a da. Fenti ya goge, leɓen ya cinye ta gefe ɗaya, ido ɗaya ya fita, jikin duk shatar haƙori.

«Wannan… ya fi su duka kamawa. Bas yana jikin dutse. Jikin icce. Ka buga. In ya bugu ya kauce… nan ake cafka. Wanda ka ɓoye a akwati, ba ya kawo komai.»

Ni bakina ba shi da linzami, tun ina yaro ake dukana a kan haka. Na ce, «To Alhaji, kai da ka san haka, me ya sa ka ajiye hannunka a akwati?»

Hajiya da ke kawo shayi ta tsaya da faranti. Ya kalle ni kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba, sannan ya juya ga taga. Na yi sallama bai amsa ba. A hanya na zagi kaina har gida. Na ce ga shi ɗan abin da aka samu na rushe da kalma ɗaya.

Duk makon bai ɗauki wayata ba.

Lahadi ta takwas na ɗaura tsohon jan nan mai ido ɗaya, na je inda duwatsu suka gangara cikin ruwa kusa da wani icce da ya faɗi. Na ce yau sai dai a yi ta. Na jefa na ja, na ji yana bugun duwatsu, ƙum, ƙum, har gwiwar hannuna. Jifa na biyar ya tsaya cak. Na yi murna, na zaci kifi ne. Icce ne. Na ja, na sassauta, na zaga ta hagu, na zaga ta dama, na shiga ruwa har cinya da wandona. Zaren ya tsinke.

Na fi awa a zaune a kan dutse. Cikin duk akwatin, wanda ya fi so na zubar.

Na je gidan a jiƙe. Ban zauna ba. Na ce, «Alhaji, na ɓatar da jan nan.»

Bai juyo ba, ya ce, «Ina?»

Na kwatanta masa.

«Iccen da ya faɗi? Ta wane gefe ka jefa?»

Na ce ta kan rassan.

«Ta kan rassa!» Ya juyo. «Ana bin jikin icce… a tsaye. Ba a gicciye ba. In ya maƙale, ka saki zare, ya taso da kansa. Ka ja, ko? Ka ja kamar jaki.»

Na ce na ja.

Ya bugi hannun kujera da hagunsa. «Za ka ƙarar mini da akwati kafin ka kama ko ɗaya. Lahadi… ka zo ka ɗauke ni. In ga wannan abin kunya da idona.»

Hajiya ta shige kicin da sauri. Na ji ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba.

Ranar Lahadi ta tara na je da kujerar naɗewa da bargo. Daga inda ake ajiye mota zuwa bakin ruwa ba nisa, amma mun yi kusan minti ashirin, yana taku yana hutawa, ya ƙi in riƙe shi. Na kafa masa kujera a kan wata shimfiɗaɗɗiyar gaɓa kusa da duwatsun. Ya zauna yana kallon ruwan. An yi sama kwana biyu kafin nan, ruwan ya ɗan yi ja. Ya ce in ɗaura mai ruwan ɗorawa, gajeren leɓe.

Na jefa, na fara naɗewa.

«Sauri… ya yi yawa.»

Na rage.

«Sauri! Wa ke binka?»

Na ƙara ragewa. Na jefa ya kai sau ashirin, kowane da laifinsa. Na ɗaga sanda da yawa. Na tsaya inda inuwata ke faɗawa ruwa. Na cire abin daga ruwa tun bai iso ba. Tsohon Baturen nan na ranar farko yana can gefe, ya gane ni, ya ɗaga mini hannu, ya leƙa ƙarshen zarena ya ga babu noti, ya gyaɗa kai.

Can Alhaji ya ce, «Jefa. Ka ba ni.»

Na jefa ta gefen duwatsun, na miƙa masa. Ya riƙe sandar da hagu, ya tokare gindinta a cikinsa. Sai ya tsaya. Hannun ril ɗin yana dama, haka ya saye su, haka ya saba shekara ashirin. Na ce bari in naɗa masa shi ya riƙe sanda. Ya ce in matsa.

Ya sunkuya ya kalli hannun nan nasa kamar yana masa magana. Kafaɗar ta ɗaga, hannun ya taso daga cinya ya faɗi. Ya sake. A na uku yatsun suka sauka a kan marikin, suka zame. Ni na juya ina kallon wani wuri, don na san in ya ga ina kallo zai fasa. Na ji ƙarar ril, kir, sai shiru. Kir, sai shiru. Na waiwaya. Ba da yatsu yake juyawa ba, da tafin hannu yake turawa, rabin zagaye, ya huta, ya ƙarasa. Zufa ta keto masa a goshi cikin wannan sanyin safiya.

Kan sandar ya fara karkarwa, alamar abin ya nitse yana aiki. Ƙum, ya bugi dutse. Hannun Alhaji ya zame daga marikin, komai ya tsaya. Yana ƙoƙarin mayar da shi ke nan sai sandar ta lanƙwashe har kanta ya kusa taɓa ruwa.

«Kifi! Kifi! Sarkin Ruwa, riƙe!»

Na rungumo sandar ta bayansa, hannuna a kan nasa. Abin yana ja yana girgiza kai, na ji shi har haƙorina. Jikina ya tuna abin da ya sani, na so in fizge shi waje da ƙarfi, Alhaji yana ihu a kunnena in bar sanda ta yi aikinta. Kifin ya yi tsalle sau ɗaya, baki a wangame, ruwa ya watsu. Ni ke riƙe da sanda, shi ke tura ril da tafin hannu, ya ƙi saki. Da kyar muka kawo shi gaɓa. Na durƙusa na kama shi ta leɓen ƙasa yadda ya koya mini.

Ba ƙato ba ne. Daga yatsana zuwa gwiwar hannu, kore mai duhu, da baƙin layi a gefe. A Yawuri ba wanda zai tsaya kallonsa. Na ɗora masa a cinya a kan bargo, ya sa hagu ya danne, ya jawo na daman ya ɗora a kan bayan kifin. Ya daɗe a haka.

Na ce, «Alhamdu lillahi. Hajiya ta samu na farfesu.»

«Mayar da shi.»

«Alhaji, Lahadi tara!»

«Ba kai ka kama ba. Mayar.»

Na ɗauke shi hoto da wayata, abin da na yi shekaru ina masa dariya a kai. Na sa kifin a ruwa na riƙe har ya motsa wutsiya, ya sulale ya tafi. Ban ji daɗi ba, kuma har yau ban yarda da wannan al'ada ba. Amma kifinsa ne.

Bai ƙara karɓar sandar ba ranar. Hannun ya gaji, ya koma kan cinya. Ni na ci gaba da jifa har rana ta ɗaga, ban samu komai ba. Komawa mota ta fi zuwa wuya, wannan karon ya bari na riƙe shi. A hanya ya lumshe ido har na zaci barci yake. Mun kusa gida ya ce, «Ka ga tsayawar nan da na yi? Da gangan ne. Haka ake yi.»

Na ce, «Na gani, Alhaji. Hannunka ne ya zame.»

«Jaki,» in ji shi, yana dariya da rabin bakinsa.

Na nuna wa Hajiya hoton a bakin ƙofa. Ta ƙura masa ido, ba kifin take kallo ba. Ta ce, «Wannan hannun ne a kai?» Na ce shi ne, kuma shi ya naɗo shi. Alhaji yana wucewa ciki da sandarsa ya ce mata, ba tare da ya kalle ta ba, «Mutanen nan masu gashi… Talata ne ko Laraba?» Ta ce Talata. Ya ce to.

Ban san iya inda hannun zai kai ba. Likita ma bai yi alƙawari ba. Ni dai na ga ya juya ril.

Washegari Litinin, bayan na idar da asuba, na kwashe sandunan uku da koren akwatin na sa a mota. Na biya gidansa kafin in wuce sito. Hajiya ta buɗe, ta ce bai tashi ba. Na ce kada ta tashe shi. Na jingine sandunan a bango kusa da kujerar taga, mai laushin kan a gaba, inda hannun damansa zai iya kai wa ril. Na ajiye akwatin a ƙasa. Na ciri guda ɗaya, mai ruwan ɗorawan jiya da ya samu ƙujewarsa ta farko a leɓe, na ce ta gaya masa aro na yi, Lahadi zan zo da shi in ɗauke shi, kuma ya shirya zagi sabo don tsofaffin sun ƙare. Gwangwanin tanar yana nan a but ɗin mota tun Maris, ina ta ƙara musu ƙasa ban san dalili ba. Na zaga bayan gida na juye su a cikin fangalin gautan Hajiya, na wanke hannu a famfon waje, na tafi aiki.